Jikar Mama a Babi na Huɗu

Ina son darasin adabi lokacin da nake sakandare. Har yau wani lokaci ina wanke-wanke sai jerin ya zo mini: kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, alamtarwa, kambamar zulaƙe. Malaminmu yakan ce idan mawaƙi ya ce hawayensa sun cika rijiya, kambama ke nan, kada wani ya tafi da guga. Mu yi ta dariya. Ƙanen mijina ya san da wannan, shi ya sa da ya kai shekarar ƙarshe a karatunsa na Hausa ya ce ni zan duba masa aikinsa kafin a ɗinke.

Aikin a kan labaran matan da suka yi gudun hijira ne. Ni na kai shi wurin Mama, maƙwabciyarmu da muke katanga ɗaya, mutuniyar Michika, Kirista, mai man gyaɗa. Tare muka gudu ranar da mahara suka shigo Mubi, ni da yarana uku, ita da jikarta 'yar wata bakwai a baya, don uwar ta tafi kasuwar garin Uba tun safe. A rana ta biyu zawo ya kama jaririyar, kafin la'asar yarinyar ta cika. Mama ta ce ba za ta ajiye ta a daji ba. Haka ta goya ta har muka kai wani ƙauye gaba da Maiha, inda maza suka haƙa mata kabari. Ni nake gyara mata majanyi idan ya zame. Ban taɓa gaya wa kowa yadda ƙafar yarinyar take a hannuna ba.

Mama ba ta son maganar. Ni na lallashe ta, na ce za a sa a littafi, a ajiye a makaranta, ko bayan ranmu a san an yi yarinyar. Ta zauna a kan turmi, ƙanen mijina ya kunna waya, ta yi magana kusan awa ɗaya da irin Hausarta. Da ta gama ta ce, "Ɗana, ka rubuta shi da kyau. Ko hoto ba shi da shi."

Bayan wata biyu ya kawo mini takardun a leda. Na gama abincin rana, na yi azahar, na zauna a gindin darbejiya da biro. Babi na huɗu sunansa Adon Harshe, ya raba shi gida-gida, kowane gida da misalansa uku. A ƙarƙashin kambamar zulaƙe na ga maganar Mama: mun sha ruwa a sawun kofaton shanu. Ya yi bayani cewa mai magana ta zuzuta ƙishirwa don ta jawo tausayin mai sauraro. Ni da na tace wa yarana ruwan nan da bakin mayafina! Na juya shafi. A ƙarƙashin alamtarwa ya rubuta cewa gawar da ta ce ta goya ba gawa ba ce ta zahiri, alama ce ta garin Mubi, wanda mazaunansa suka ɗauke shi a zuciya bayan ya mutu. Har da cewa wannan ya nuna gwanintar matan karkara wajen sarrafa harshe.

Na ajiye biron. Na tashi na kuskure baki.

Da yamma ya shigo yana fara'a. "Anti, an ga aiki? Malamina ya ce babi na huɗu ya fi kowanne."

"Zo nan, ɗan boko. Wace ce alama?"

"Au, wannan? Ai nazari ne, Anti. Ke ma kin yi a makaranta."

"Na yi. Amma ba a koya mana mu binne mutum sau biyu ba. Ina wurin. Da hannuna na rufe mata fuska."

Ya sosa ƙeya. Ya ce shi bai ce Mama ƙarya take ba, amma dole kowane kashi ya sami misali uku, kuma alamtarwa ta yi masa wuya, biyu kawai ya samu. Idan ya cire wannan, sai ya koma wurin malamin, kuma saura kwana huɗu a rufe karɓa.

"To ka rubuta gaskiya a ƙasa, layi ɗaya. Ka ce yarinyar an haife ta, ta sha nono, ta mutu."

"Anti, hakan zai rushe hujjar."

Allah ya gani, ban zage shi ba. Na miƙa masa ledarsa, na ce ban gyara ko wasali ɗaya ba, ya nemi wani.

Ya miƙa aikin yadda yake. Ya ci, an yi walima, na dafa shinkafar don yayansa ya roƙe ni, amma ban fito tsakar gida ba.

Washegari Mama ta leƙo ta katanga da kwalbar mai a hannu.

"Maman yara, ɗanmu ya gama? Ya sa jikana a ciki?"

Na so in ce e, ta tafi da farin cikinta. Amma ni na sa ta buɗe baki, ba zan ƙara mata da ƙarya ba. Na zagaya gidanta, na zauna, na gaya mata abin da ya rubuta, da Hausa mai sauƙi. Ta sa na maimaita. Ta goge bakin kwalbar da gefen zaninta.

"Wato ya ce gari na goya."

"Haka ya ce, Mama. Ki yafe mini."

"Ke ba ki yi komai ba," in ji ta. "Amma kada ki sake kawo mini mai waya."

Daga baya wasu sun zo unguwar da takardu suna neman matan da za su ba da labari, har sau biyu. Aka nuna musu gidana, wai ni ce mai boko. Na ba su ruwa, na ce ban san kowa ba.