Muryar Bayan Labule

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe biyu da rabi na rana, Allah Ya yi wa abokiyar aikina rasuwa, wadda ɗaliban makarantar koyon jinya suke kira Mama Labule. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara shida ke nan da aka rufe ɗakin gwajinta, kuma har yau ban yafe wa waɗanda suka rufe shi ba. Na tsufa, ba zan fara ƙarya yanzu ba.

Malama, shekara ashirin muka koyar tare. Ni da na ƙetare teku na yi karatu, allo kawai na sani. Ke kuwa kin ce hannu ba ya karatu, sai dai ya yi. Kika sami ɗaki, gado ɗaya, da mutum-mutumin roba da yara suka raɗa wa suna Baba Mai Haƙuri. Kikan ɓuya bayan labule ki zama muryarsa. Ki yi nishi, ki yi tari, ki ce, "Ke 'yar nan, jijiya kike nema ko rijiya kike haƙa?" Su kwashe da dariya. Ana cikin dariyar sai ki yi shiru. Duk wadda ta zauna ajinki ta san ma'anar shirun nan: numfashi ya tsaya, a hau ƙirji a danna, ba a jiran kowa.

Idan ɗaliba ta tsaya inda-inda, ba kya rufa mata. Baba ya mutu ke nan. Sai ki tura ta waje ta gaya wa dangi, ni ne kuma dangin, ina zaune a benci da hulata a hannu. Kin koya musu su zauna kusa da mutum, su dube shi, su faɗi maganar ba kwana-kwana. Sau nawa aka yi mini rasuwar nan? Na daina ƙirgawa. Su yi kuka, washegari su dawo su sake gwadawa. Kikan ce gara ya mutu sau ɗari a nan da uban wani ya mutu sau ɗaya a can.

Kowace shekara ɗalibai suna cike takarda, suna cewa sun gamsu, tsoro ya fita daga ransu. Takardun suna cikin kwali. Da aka naɗa sabon mataimakin shugaba, aka ce ba shi da ofis, aka ba shi ɗakinki. Baba Mai Haƙuri ya koma sito, sai masu duba makaranta za su zo a kakkaɓe shi a shimfiɗa masa farin zane. Kin rubuta wa hukumar makaranta wasiƙa bakwai. Ni ban rubuta ko ɗaya ba, na ce ba za su ji ba. Ba su ji ba ɗin, amma wannan bai wanke ni ba.

Ina gefen gadonki a asibiti ranar Talatar, na zo dubiya. Muna magana kika yi shiru. Na gane shirun. Nas biyu ne a ɗakin, yara masu hankali, sun fita da sakamako mai kyau bayan an rufe ɗakinki. Ɗaya ta ruga kiran likita. Ɗayar ta tsaya da hannuwa a sama, tana karanto matakan da baki, daidai, ba kuskure. Na yi mata tsawa ta danna. Ni ba zan iya ba, hannuna na dama ya shanye tun bara. Kafin likita ya iso, minti biyar sun wuce.

Ajali ne, na sani. Yaran kuma ba su da laifi, ba a taɓa bari wani ya mutu a hannunsu ba kafin ke.

Aka fitar da ni benci. Can yarinyar da na yi wa tsawa ta fito ta tsaya nesa, bakinta yana motsi. Na ce, "Zo ki zauna nan, 'yata. Dube ni. Yanzu faɗa." Ta faɗa.

Allah Ya jiƙanki, Malama, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa hannayen da kika horar su zame miki shaida. Ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da ƙannenki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Mutum-mutumin yana nan a sito, lafiyarsa ƙalau. Wadda take yi masa magana ce ta rasu.