Yayen da Bai Ƙare Ba

Har yau in na bi ta bakin kadarko na ji ƙamshin kifi a cikin mai, sai in tsaya cak. Wasu yunwa yake tayar musu, ni kuwa Innarmu yake tuna mini.

Suyar kifi ce sana'arta. Amma ka sani, mu ba mu taɓa sanin wace Inna za mu tashi da ita ba. In abin ya motsa, sai ta soye kwando guda ta rabar wa direbobi da masu kwalekwale kyauta, tana waƙa, tana zuba zance ba numfashi, barci kuwa babu shi. Mu yara har murna muke, mun ɗauka salla ce ta zo. Bayan nan sai ta kwanta ta fuskanci bango, makonni, ƙanwata na tsala kuka a gefenta ba ta ko juyowa. Aka ce mutanen ruwa ne. An yi hayaƙi, an yanka baƙar kaza, shiru kake ji.

A irin wannan kwanciya, lokacin cikar gulbi, kakarmu ta wajen uba ta ƙetaro daga Malanville, garin da ke tsallaken gulbi. Ka san al'ada, kaka ke ɗaukar yaro yaye, ya yi ƴan kwanaki ya mance nono a maido shi. To ƙanwata ko tafiya ba ta fara ba.

"Miƙo ta nan," ta ce wa Baba, "kafin a kashe mini jika da yunwa."

Inna na ji, tana fuskantar bango. Majanyin goyon kawai aka bari a kan igiya.

Kwanaki suka zama shekaru. Duk sanda Inna ta warware ta nemi ɗiyarta, sai a ce a dakata tukuna. Ranar da aka kawo ta ziyara, Inna ta durƙusa ta ba ta baya don ta hau. Yarinyar ta ruga ta ɓuya bayan kaka. Na ga fuskar Inna, kuma wallahi har yanzu abin na ci mini rai.

Yanzu lokotoro, wato likita, ya gane ciwon, Inna na shan magani, ta natsu. Bara ƙanwata ta tashi yaye ɗanta na fari. Inna ta fiddo majanyin nan daga ƙasan akwati, ta wanke, ta shanya, ta dama kunu. Da la'asar muka ji an kai yaron wajen uwar miji.

Inna ta taɓa majanyin ta ce mini, "Ya bushe. Shigar da shi."