Takardar Sista Nokuzola

Sivuyile bakanike ne a garin Mdantsane. Mace aka haife shi, amma a matsayin namiji yake rayuwa, yana ɓoye wa mahaifiyarsa. Da ya je asibitin unguwa neman takardar ganin babban likita kan wannan lamari, sai ya tarar ma'aikaciyar jinyar ita ce Sista Nokuzola, ƙawar mahaifiyar tasa a ƙungiyar matan coci.

"Zauna, ɗana," in ji ta.

Ɗana? Sunan mace ne a katinsa. Wa ya gaya mata? Nan take ta rubuta takardar ta miƙa masa.

"Mama, ba ki tambaye ni komai ba."

"Uwarka ta riga ka zuwa, sarkin ɓoye-ɓoye. Ta ce kada in ja maka rai."

Sau uku ya karanta takardar a bakin ƙofa yana neman tarko. Bai samu ba.