Turaren da Baba Ladan Ya Shafa

Shekara biyu na yi ina kai wani dattijo sallar Juma'a a motata. Mutumin Damagaram ne, ya zo Greensboro ta Amurka wajen 'yarsa bayan rasuwar matarsa, kuma shi ne ladanin ɗan masallacinmu na East Greensboro, wani tsohon shago da muka kama haya muka shimfiɗa darduma. Kowa Baba yake ce masa. Gidan 'yar tasa yana kan hanyata daga Pleasant Garden, inda nake zaune da iyalina, don haka ranar da aka tambayi wanda zai riƙa ɗauko shi, na yi wuf na ɗaga hannu. Ina son a ce da ni mutumin kirki. Tun ina yaro nake da wannan ciwon, kuma ya girmi ciwon bayan da ya jawo duk abin da zan faɗa.

A wani katafaren sito nake aiki, gefen Wendover Avenue, ɗaga kwali da sauke kwali daga safe har yamma. Da bayana ya fara ciwo, sai da na kai ba na iya ruku'u ba tare da na cije leɓe ba. Wata rana lokacin hutun cin abinci, wani abokin aikina Ba'amurke ya gan ni ina dafa bango, ya miƙo mini ɗan bututun nan na lantarki da ake zuƙa, wanda suke kira vape. Ba zan ce ban san abin da ke ciki ba. Man wiwi ne, kuma ya faɗa mini da bakinsa. A unguwarmu a Zariya, in aka ce wane ɗan wiwi ne, to an gama da shi, ko aron keke ba a ba shi. Na tuna da wannan, na waiga dama da hagu, ban ga Bahaushe ba, na zuƙa. Ranar na yi sallar Magariba ba tare da na dafa komai ba.

Da tafiya ta yi tafiya, sai na fara raina na saye. Wai ban san me ake zubawa a ciki ba, wai ni mai tsabta. Mahaifiyata mai man gyaɗa ce, a gindin tukunyarta na girma, na san yadda ake lallashin mai ya fito daga abu, na san yadda ake tacewa. Sai na ce me zai hana in yi nawa da hannuna. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya a ɓangaren nan na labarin: hannun da ta koya mini don in ci halali, da shi na yi.

Ranar Asabar da safe matata kan kai yaranmu uku Islamiyya, ba sa dawowa sai azahar. Da motarsu ta fita sai in rufe gareji in fito da kayana: wata tsohuwar tukunya da ta daina amfani da ita, da ƙyallen tatar koko, da cokalin da har yau take nema. Wanda ke son darasin yadda ake yi ya nemi wani malamin, ni na ajiye allo. Abin da zan iya cewa shi ne na farkon ya fito baƙi ƙirin kamar tsohon man inji, ga ɗaci, ga ƙaurin ƙonanniyar ciyawa. Na zubar na sake. Na yi watanni ina ɓatawa ina gyarawa, in tace in sake tacewa, har ranar da ya fito da kauri, launinsa kamar zuma mai duhu. Na ɗaga shi a hasken taga ina murmushi ni kaɗai, kamar wanda ya sauke karatu. Kafin su dawo sai in buɗe ƙofa in kunna turaren wuta, in ce wa matata warin fetur ɗin injin yankan ciyawa nake kora.

Wurin ɓoyewa ne ya dame ni, domin matata ba ta barin lungu a gidan nan. Sai idona ya faɗa kan kwalaben turaren udu da surukata ta kawo mana tsarabar Makka, 'yan ƙanana masu murfi ruwan zinariya da tsinken gilashi a ciki. Biyu sun ƙare. Na wanke ɗaya na ɗura, na ga ko ni da na ɗura ba zan bambanta shi da udu da ido ba. Na jefa ta a ɗan akwatin gaban motata, ina yi wa kaina kirarin wayo.

Shi kuwa Baba yana da wata al'ada. Kafin ya tashi kiran salla, sai ya bi sahun gaba da kwalbar turarensa, ya ɗiga wa kowa a bayan hannu. Tun da ya yi jinyar korona hancinsa ya daina jin ƙanshi. Da kansa yake tsokanar kansa, ya ce yanzu daddawa da almiski duk ɗaya ne a wurinsa, amma sunna ba ta buƙatar hanci.

Wata Juma'a cikin sanyi na tsaya shan mai a hanya, na shiga ciki sayen ruwa. Da na dawo na buɗe ƙofa, warin ya buge ni tun kafin in zauna. Baba yana shafa gemunsa da tafin hannu, kwalbata a ɗaya hannun.

"Bon, ɗana, na manta tawa a aljihun wata riga," in ji shi, da ɗan Faransancin nan nasu na mutanen Nijar. "Na ga taka na ara. Wannan udun naka mai kyau ne, har kama yatsa yake."

Tsakanin gidan man da masallaci tafiyar minti goma ce. Na sha lissafa ta a raina tun daga ranar. Minti goma sun isa mutum ya ce, Baba, wannan ba turare ba ne, mu koma ku canza riga. Abin da na ce masa shi ne, "Ba komai." Na miƙa hannu a hankali wai in karɓi kwalbar, ya riga ni ya jefa ta a aljihu, ya ce bari ya shafa wa jama'a, ladan mu raba. Na san in na matsa zai tambaye ni dalili. Sai na sauke gilasan mota cikin wannan sanyin, na ce masa zafi nake ji.

Ni da ba na wuce sahun gaba, ranar a na uku na lafe. Ina kallo ya fara daga dama. Mutum na farko, wani mai aiki a kantin magani, ya kai hannu hanci, ya sauke, ya sake kaiwa, sannan ya bi Baba da kallo. Na biyu direban tasi ne, ya tashi tsam ya fita ya sake alwala. Kafin Baba ya kai na bakwai warin ya cika ɗakin, domin ɗakin ƙarami ne kuma na'urar ɗumama wuri tana aiki. Samarin da aka haifa a nan, waɗanda suka san warin daga makarantunsu, suna ta zungurar juna a baya suna raɗa da Turanci. Baba bai ga komai ba. Ya tsaya ya kira salla da muryarsa mai sanyi, warin wiwi yana tashi daga gemunsa. Ban san abin da Liman ya faɗa a huɗuba ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, duk wanda ya yi tari sai in ji kamar sunana zai kira.

Bayan an idar, Liman da dattawan kwamiti biyu suka ja shi gefe. Na tafi mota na zauna ina jiran a aiko kirana. Ba wanda ya zo sai Baba shi kaɗai, bayan kusan rabin awa. Ya shiga ya ɗaura bel, ya fito da carbi. Ya yi ta ja har muka isa. A ƙofar gida ya sa mini albarka kamar yadda ya saba, ya shige.

Cikin makon aka turo saƙo a zauren jama'armu na waya, cewa saboda shekaru an hutar da Baba daga kiran salla, Allah ya saka masa da alheri. Kowa ya turo amin, ni ma na tura. Amma magana ba ta tsaya nan ba. Matata ta dawo daga wani suna, ko gyale ba ta cire ba ta tambaye ni ko na ji abin da ake faɗa a kan Baba. Wasu sun ce tun a gida yake sha, wasu sun ce kaɗaici ne bayan mutuwar matarsa, wasu har sun ce sayarwa yake. Ta ce kada in ƙara sa yaranmu a mota ɗaya da shi. Na girgiza kai na ce mutum mugun icce ne, Allah ya kyauta. Da bakina na faɗi haka, ina cin tuwon da ta tuƙa mini.

Asabar ɗin da ta biyo na kwashe tukunya da ƙyalle da vape na jefa a shara, na tafi wajen likita a kan bayana. Na ɗauka tuba ke nan. Na ci gaba da ɗauko Baba duk Juma'a, sai dai yanzu a sahun baya yake zama kusa da takalma, kuma babu turare. Mutanen da da suke rige-rigen gaishe shi yanzu daga nesa suke ɗaga masa hannu. Juma'a huɗu na yi ina kallon wannan. A ta biyar, da na tsaya a ƙofar gidan 'yarsa, na kashe mota na faɗa masa komai, kaina a kan sitiyari don ban iya kallonsa ba.

Ya bari na gama.

"Na sani tun ranar," ya ce. "Hancina ne ya mutu, ba hankalina ba. Da Liman ya gaya mini mene ne, ya tambaye ni inda na samo. Na ce a aljihuna suka gan shi, kada su ƙara tambayata."

Na tambaye shi don me. Ya ce ina da yara uku a Islamiyyar nan da mata mai shiga cikin mata, kuma ya san bakin mutanenmu, abin da aka liƙa wa uba har jikoki yake bi. Shi kuwa tsoho ne, kwana nawa ya rage masa. Na ce Juma'a mai zuwa zan miƙe gaban jama'a in wanke shi.

"Wannan tsakaninka da Allah ne, ɗana. Ban sa ka ba, ban hana ka ba." Ya buɗe ƙofa, sannan ya juyo. "Bayan naka fa? Ka ga lokotoro?"

Likita yake nufi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da ya hana ni ma da na sami abin fakewa. Ya bar mini abin a hannuna, ni kuwa na riƙe shi. Juma'ar da ta zo an yi baƙi daga wani gari, na ce ba a yin irin wannan gaban baƙi. Ta gaba ɗana na fari yana zaune kusa da ni. Sai azumi ya kama, na ce bari a sha ruwa lafiya, bayan Salla. Baba bai taɓa tuna mini ba, ko da ido. Yana shiga mota ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni labarin noman gero a garinsu.

Sati uku bayan ƙaramar Salla 'yarsa ta kira ni da hantsi, ta ce Baba ya kwanta bayan sallar Asuba bai tashi ba.

An yi jana'iza da mutane, ba laifi, amma ba yawan da ya kamace shi ba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Bayan an rufe shi muna tsaye ana addu'a, sai ɗaya daga cikin dattawan kwamitin nan ya matso kusa da ni, ya dafa kafaɗata. Ya yaba mini, ya ce na yi ƙoƙari da ban guje shi ba duk da abin da ya faru, ba kowa zai iya ba. Mutane biyar ko shida suna jin mu. Sannan ya dubi kabarin ya ce kowa da rauninsa, Allah ya yafe masa wancan abin.

Duk suka juyo gare ni, ni da na fi kowa kusa da shi. Na buɗe baki, na ce amin.