Tirelar da Ta Fi Ƙarfin Zaure

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma ban taɓa mantawa da ranar da muka gama tirelar rangadi a tsakar gidan nan ba. Ku da kuke aiki a garejin ɗana, kullum kuna shige da fice da motoci ta babbar ƙofar baya, ni kuma ina zaune gefenta ina yi muku faɗan safanar da aka yar a ƙasa. Na san kuna cewa tsohuwa ta cika sa ido. To ku ajiye abin hannunku, ku ji yadda aka yi ƙofar nan.

Shekarar da aka ce Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna ce, cikin bazara. Maigida, Allah Ya jiƙansa, shi ne direban ofishin dabbobi a Jibiya. Tsarin haka yake: Likita Bature yana Katsina, a ƙarƙashinsa akwai Malamin Dabbobi, Malam Isiyaku, wanda ke zaune nan garin, sai masu allura, sai direba. Aikinsu su bi rugage daga nan zuwa Mazanya har bakin iyaka, su yi wa shanu rigakafin cutar bushiya kafin ruwa ya sauka makiyaya su tsallaka da su ƙasar da Faransa ke mulka. Motarsu jif ce, mai shiga yashi da kwazazzabo. A ƙa'ida, in ta lalace Katsina ake kai ta, ta daɗe tana jiran layi. Maigida ya roƙa aka bar masa gyaranta a gida, bisa sharaɗi guda: duk ranar da rangadi ya fasa ta dalilinsa, a mayar da gyara Katsina, a kawo wani direba.

Motar a ƙofar gida take kwana, ƙarƙashin rumfa. Ni kuwa ina kulle, ba na taka waje. Sai Maigida ya kwance abin da ke damunta ya shigo da shi ta zaure. Ni ke wanke kafireta da kananzir a tsohuwar tasa, in goge fulogi, in tace fetur da farin ƙyalle, don man wancan zamani da ƙasa yake zuwa. Tif ɗin taya ni ke nutsa shi a ruwa in nemo inda yake kumfa. Noti kuwa a faifai nake jera su yadda aka kwance su, kuma wanda ya taɓa mini faifai zai ji bakina, ko da Maigida ne. Komai guntu-guntu yake shigowa, guntu-guntu yake fita. Ku riƙe wannan.

Damuwarsu ita ce jif ba ta ɗaukar mutane da tanti da akwatin magani da garwar ruwa a tashi ɗaya. Sai a ɗora kaya a kan jakuna, mota ta isa ruga tun hantsi, a zauna jiran allura har la'asar. Maigida ya ce zai haɗa 'yar tirela da jif za ta ja, wadda in an sauka a daji za a buɗe ta a kwana. Malam Isiyaku ya kai maganar gaban Likita, aka amince, aka sa ranar Alhamis ta fara rangadi, aka kuma sallami masu jakuna.

Aka samo ƙafafun wata matacciyar mota daga Maraɗi, da ƙarfen da ke haɗa su, da sifirin da gangar jiki ke zama a kai. Katako daga Katsina. Duk ta zaure suka shigo, ɗaya bayan ɗaya, aka zube su a tsakar gida. Aikin ƙarfe Kawu Bawa maƙeri ne ya yi, ƙanen Inna surukata, shi ya sa yake shigowa ciki. Shi ya ce kada a ɗaure gangar jikin da noti, hanyar daji za ta sassauta su; gara a dasa ƙusa da wuta a daddaƙe kanta, ta zauna har abada. Ni na ɗinka tamfol da basilla har yatsuna suka yi kanta. Na sa aka yi akwatin tukwane a gaba, da wurin rataya fitila. Mun yi faɗa da Maigida a kan garwar ruwa: na ce a baya don sauƙin ɗiba, ya ce a kan ƙafafu don kada wutsiya ta yi nauyi. Shi ya yi gaskiya. Ban faɗa masa ba, amma shi ya yi gaskiya.

Ranar Laraba da hantsi aka gama. Wallahi ta yi kyau. Malam Isiyaku yana zaune a zaure yana jiran ya gani. Maigida ya kama ƙugiya, Kawu ya tura daga baya, suka nufi ƙofar zaure suna raha. Sai muka ji ƙum.

Kun dai san zauren da. Ƙofarsa daidai mutum ɗaya ce da kaya a kai, kuma ta ciki ba ta kallon ta waje, don kada mai wucewa ya hangi mata. Tirela ta fi ƙofar faɗi nesa ba kusa ba. Suka cire tayoyi, suka kwantar da ita a gefe, sai tsawonta ya hana ta juyawa. Ɗagawa ta kan katanga kuwa, nauyinta zai rusa katangar a kan mutane. Maigida ya dubi Kawu.

"Kawu, a kwance ta."

"A kwance mi? Kai ka ga na dasa da wuta! Ko na fara yanzu, sai wata Larabar. Tafi-da-gidanka ce ka ce, to ga ta nan, ta zauna gida."

Malam Isiyaku ya yi gyaran murya daga zaure. Mutum ne mai kirki, amma ba ya lanƙwasa magana. "Direba, gobe da hantsi Likita zai iso. Babu jakuna, babu tirela. In ya tambaye ni, gaskiya zan faɗa masa."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Maigida. Murya ta yi ƙasa.

Kawu ya fara auna bangon zaure da ido. Kafin ya buɗe baki, Inna ta fito da sandarta ta zauna a bakin ƙofar.

"Bawa, na ga idonka. Zauren ga uban yaron nan ya gina shi da hannunsa, a cikinsa aka yi mashi salla. Wanda zai fasa shi, ya fara da ni."

Ba mai musu da Inna. Dama da hagu kuwa gidajen maƙwabta ne. Saura bango ɗaya, na baya, mai kallon fili. A jikinsa madafata take.

Madafar nan ni na yaɓe ta da hannuna. Ƙawayena suka taya ni daɓe, muna waƙa. Duwatsun murhun daga Magama uwata ta aiko mini da su. Duk unguwar ba mai irinta, ruwa bai taɓa kashe mini wuta ba. Na ga Maigida ya kalli wajen sau ɗaya ya kau da kai. Ba zai roƙa ba, na san shi.

Na ja shi bayan rumbu, na yi ƙasa da murya, amma da zafi.

"Malam, ga rumfa a waje, ga fili. Mi ya kai ka haɗa ta a cikin gida?"

Ya murza baƙin mai a tafinsa. Sannan ya ce, "In na haɗa ta a waje, wa zai riƙe mani safana? Wa zai ce mani ta karkace? Ni ban iya aiki in ba kya kallo."

Ba a saba mini da irin wannan magana ba, kuma ban so Inna ta ga fuskata. Na wuce madafa. Na fitar da tukwane, da ƙore, da randa. Na tono duwatsun murhu na kai su ɗakina. Sannan na ɗauki digar da ke jingine a rumbu na sari bangon, don na san in ban fara ba, babu namijin da zai iya.

Inna ta ce, "Ɗiyar nan, damina fa na bisa kai."

Na ce, "Na sani, Inna. Tuwo ya taɓa dahuwa a waje."

Kawu ya karɓi digar yana dariya. "Kai yaro, ka auri soja ba ka faɗa mana ba."

Mu mata muka shige ɗakin Inna, maza suka shigo, har Malam Isiyaku ya naɗe riga ya kwashi ƙasa. Kafin la'asar an buɗe hanya, an mayar da tayoyi. Maigida ya zagayo da jif ta baya. Na leƙa ta gefen asabari. Shekaru ina wanke hanjin motar nan, na san kukanta in tana lafiya da in ba ta lafiya, amma ban taɓa ganinta tana tafiya da rana ba sai ran nan. Ya saƙala ƙugiya, ya ja a hankali, tamfol ɗina yana kaɗawa. Ya ratsa ta daidai inda murhuna yake, ya matsa ham, ya waiwayo wajen asabarin. Na daka masa tsawa ya kalli gabansa.

Washegari suka tafi rangadi a kan lokaci. Aikin Maigida ya tsaya masa har ya ajiye da kansa.

Kada ku ce abin ya zo da sauƙi. Daminar nan duka a ƙarƙashin zana da ragowar tamfol na yi girki, hayaƙi a ido, itace a jiƙe, kuma ba ranar da ban yi masa gori ba. Da kaka ya kira magina su toshe bangon su mayar mini da madafa. Na ce a gina madafa a wani gefen, nan kuwa a sa ƙyaure mai faɗi, mota ta riƙa shigowa da ƙafarta. Na gaji da ganinta guntu-guntu.

Abin da na koya shi ne, mai gyaran mota in ya sa kai a aiki, duniya ɓace masa take yi. Yana ganin ɗan noti, ba ya ganin bango. Ba wauta ba ce, son aikin ne, kuma duk haka kuke. Shi ya sa kuke bukatar mai kallo, ko da kuwa bakinta da ɗaci. Kafin ku haɗa abu, ku je ku dubi inda zai fita. In kuma kun shigo da mota ta ƙofar nan, ku rage gudu. A kan murhuna kuke wucewa.