Lasisin da Yal Liƙe a Hannun Surukin Sodangi

Radiyya, gyara zama ki rubuta. Labarin Sodangi za ni ba ki, ɗan Kalilu mai shanu na nan Kurawa, don a san yadda albasarmu tat tsira ranin bara.

Tun yana ƙarami Sodangi ba shi da yawan magana. Amma bakin rijiya shi yas san garken wa za a shayar bayan na wa, har manya kan tambaye shi in an ruɗe. Yai boko Sakkwato, yad dawo wani kamfani yaɗ ɗauke shi. Ayyukka ukku kamfanin ke yi lokaci guda: injin gyaran shinkahwa a Isa, injin niƙa a Tozai, da fanfunan sola na ban-ruwa a fadamarmu.

Wata rana nit tare shi ƙohwar masallaci, nic ce, "Kai wai mi kaka yi musu? Ban taɓa ganinka da sifana ba."

Yac ce, "Baba Anas, lasisi nika rabawa."

Wai akwai wata manhaja cikin kwamfuta da injiniyoyi ka saita injuna da ita. Kamfani ya sayi izinin mutum huɗu, injiniyoyi kuwa su tara na. In huɗu sunka buɗe ta, na biyar ko ya kwana yana dannawa ba ta buɗe mai.

Nic ce, "To ku kwafe ta mana, awa yadda yara ka tura ma juna waƙa a waya."

Yai dariya. "Ba ta yarda, Baba. Kuma ko ta yarda, ba a ba mu ba. Ɗauka guga huɗu muka da shi, masu shayarwa tara."

Nan nig gane. Kowace Asabar yakan zauna da kalanda shi tambayi kowane aiki ranar da yaka bukata, shi tsara wa ka riƙe, wa ka saki. Abin da ban gane ba, ƙaƙa abin da ba a gani ka ƙarewa.

To, ranin bara munka dasa albasa bisa alkawalin za a kunna fanfuna ran Litinin. Lasisi biyu na Isa, ana tsakar saita injin, ba su taɓuwa. Guda na Tozai. Na huɗun, wanda anka tsara ma Kurawa, yana hannun babban injiniya, Alhaji Hussaini. Shi kuwa Alhaji Hussaini shi na uban Maimunat, matar Sodangi. Ko sunanai Sodangi ba ya kamawa, in sunka gamu a hanya sai shi tuɓe takalma.

Litinin taz zo taw wuce. Abbas, injiniyan da anka turo muna, yana zaune gindin mangwaro da kwamfuta bisa cinya, komi an haɗa, manhaja ta ƙi buɗewa. Kwana shidda. Ganyen albasa yaf fara kwantawa, muna jido ruwa da jarka bisa jakkai, ba ya isa ko'ina.

Nit tai gidan Sodangi nic ce, "Ashe ba kai ka rabawa ba?"

Yas sunkuyar da kai. Wai daga kwamfutatai yana iya ƙwace shi da danni guda. Amma saƙo za shi fito gaban Alhaji da sunan wanda yaƙ ƙwace. Ya aika takarda ta ofis sau biyu da sunan tuni ga kowa da kowa, Alhaji bai karanta ba.

Nic ce, "Ai ba a aika ma suruki takarda. Tsoho aka aikawa."

Nih hau kabu-kabu har Isa. Nis same shi ofis yana shan hura. Tare munka yi makarantar allo, don haka ban yi wani kewaye ba.

"Hussaini, ka kashe muna albasa."

"Ni? Kai tsohon banza, ina nit taɓa zuwa gonarka?"

Nib ba shi labari. Yaj jawo kwamfuta yad duba, sai yad dahe kai. Ashe tun da yag gama wani aiki yab bar manhajar buɗe, yam manta.

"Mi yah hana yaron ga shi hwaɗa min?"

"Kai ka taɓa ce ma uban matarka Hajiya tashi daga tabarmata?"

Yai dariya har hura taz zubar mai a riga. Yad danna wani wuri. Nic ce shi nuna min lasisin kahin shi tai, ni dai ina son in gan shi. Yaj juyo min gilashin, babu komi sai rubutu. Wai har ya tai.

Ban kai tasha ba Abbas yak kira ni, wai manhaja ta buɗe. Da la'asar ruwa na gudu cikin fangali. Fangali biyu na bakin gona sun riga sun mutu, sauran sunka tashi.

Daga nan Sodangi yas sake tsari. Yanzu duk wanda yab bar manhaja buɗe kwana biyu ba ya aiki, lasisin ka komawa da kainai, babu sunan kowa bisa saƙon. Alhaji da hannunai yas sa hannu.

Na tambayi Sodangi in ba kowa riƙe da lasisin, ina yaka zama. Yac ce cikin wata kwamfuta, a ƙasar da shi ma bai taɓa zuwa ba. Rubuta haka nan, Radiyya, ni dai ban gamsu ba. Buhun albasa guda na kai ma Alhaji, guda na kai ma Maimunat, don Sodangi ya ƙi karɓa.