Dattijon da ke taka burki a saman dutse

A saman dutsen kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoton gajimare, ni kuwa ina zaune ina haki, ina jin haushin abokin da ya ce mini hawan ba wuya. Dattijon da ke gefena ko numfashinsa bai sauya ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannunsa ɗaya ya fi ɗayan baƙi. Ina jin tsohon direba ne, ya yi shekaru yana jingina hannun a tagar mota. Babu ruwansa da gajimare. Idonsa na kan titin da ya zagaye gindin dutsen, yana ta duba agogo.

Can sai ga wata farar bas, ƙarama kamar kwalin ashana, ta doshi muguwar kwanar da ke bakin rami. Dattijo ya gyara zama. Ƙafarsa ta dama tana danna dutse a hankali, hannuwansa na murza sitiyarin da babu shi.

"Sassauta, ɗan nan, sassauta," yake faɗa ƙasa-ƙasa. "Yauwa! To, ba ta wuta."

Bas ta sha kwana lafiya lau. Sai a lokacin ya ɗage ƙafa, ya lura ina kallonsa.

"Ɗana ne," ya ce da ni. "Ya hana ni shiga motarsa, wai na cika surutu." Ya yi dariya har da buga cinya. "Daga nan kuwa ai ba ya ji na."